Dafirar Hilman ɗin Baba

Abbasiyya, Umdurman
9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Muntari ɗan Baffa Haliru, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Mu dai alhamdu lillahi. Wata biyu ke nan da muka dawo gida daga Shandi, inda yaƙi ya zaunar da mu sama da shekara biyu. Inna Kubra tana nan da ranta, sai dai ƙugu ya hana ta sakat, ido kuma ya yi rauni. Na karɓi lambarka a wurin Hazim na gidan liman. Da hannu nake rubutawa in ɗauki hoton takardar in tura, saboda shabaka, wato sabis ɗin waya, a nan sai an hau soro, ni kuwa ban iya saƙon murya ba.

Ba zan cika ka da abin da muka tarar ba. Ƙofofi babu, fanka babu, har wayar wuta sun farke bango sun zare. Abu ɗaya da suka bari shi ne Hilman ɗin Baba, tasin nan ruwan ɗorawa, don tayoyinta sun kwanta, sun kasa tura ta. Da suka kasa, sai suka buɗe gabanta suka fizge wayoyinta, suka tara a gindin lemun tsami suka cinna musu wuta don su cire jan ƙarfen ciki. Lemun ya mutu. Motar da Baba ya shekara arba'in yana goge ta da gefen rawaninsa, ita suka yi wa haka, saboda jan ƙarfen da bai cika leda ɗaya ba.

Na kira Usta Abdulmun'im mai gyaran wutar mota ya duba. Ya ce injin lafiyarsa lau. Abin da babu shi ne dafira, wato kitson wayoyin nan da ke tashi daga batir ya ratsa motar har fitilun baya. Ya ce yanzu duk Umdurman ba za a samu ba, sabuwa ko tsohuwa. An ce mini a shagon kayan gyaran mota kake aiki, shi ya sa na nemo ka.

Ba don ado nake so ba. Inna ce ta kafe. Ta ce ba za ta shiga raksha mai ƙafa uku ba, ba za ta shiga motar wani ba, a motar mijinta za a kai ta maƙabartar Ahmad Sharfi ta ga ko kabarinsa yana nan yadda ta bar shi. Shekarunta tamanin da huɗu, ba ni da lokacin jira mai yawa.

Ƙirar 1969 ce, ta hannun dama, kada ka manta.

Yayarka,
Awadiyya Salih

*

Jidda
15 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Awadiyya.

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi murna da kun koma lafiya. Allah ya mayar da alheri, ya ba Inna sauƙi. Mu ma lafiya, sai zafi da tsayuwar shago.

Yaya, zan faɗi abin da ke raina sau ɗaya in wuce. Rabon da in ji muryarki tun rasuwar Baffa Salih, shekara goma sha uku, shi ma ni na kira. Da yaƙi ya tashi mahaifiyata tana unguwar Hajj Yusuf, da ƙyar aka fitar da ita, babu wanda ya tambaya daga Abbasiyya. Yau takarda ta zo mai shafi biyu, an ba ni layi ɗaya, an ba mota sauran. Kuma kin rubuta "Hilman ɗin Baba" kamar ba tare suka saye ta da mahaifina ba. Da ni aka yi shawara, da na ce a fara da ƙofa da tankin ruwa.

Amma Inna ce ta nema, don haka na tsaya a kai. Hanya uku ce. Akwai masu saƙa dafira irin ta da a Ingila, sai an ba da oda a jira wata huɗu ko biyar. Akwai ta zamani mai shiga kowace mota, wadda usta zai yanka ya daidaita, tana da kyau amma gaban motar zai zama kamar ba nata ba. Sannan akwai ta uku: irin wannan motar an ci gaba da ƙera ta a Iran shekaru da yawa da wani suna, jiki ɗaya, kuma dafirarta tana samuwa. Ita na zaɓa. Na zaga dillalai shida kafin wani ya samo mini sabuwa dal a ledarta. Na duba kaurin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ban yarda da maganar mai sayarwa ba.

Zan ba Amjad, wani abokina da zai hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, daga nan ya biyo ta Umdurman. Kada a bar ta a rana. Ki gaida Inna.

Ƙanenki,
Muntari

*

Abbasiyya
22 ga Nuwamba

Muntari,

Sallama da gaisuwa. Inna ta yi zazzaɓi kwana huɗu amma ta tashi. Ni lafiya lau in ban da ɓacin rai.

Sati biyar muna jiran saƙonka. Sau uku ina zuwa tashar Shuhada a ƙafa in koma hannu rabbana, kafin abokin naka ya iso. Ranar da ya kawo, Inna ta sa aka dafa gahawar jabana, ta sa aka fito mata da gadonta kusa da motar don ta ji lokacin da za a tayar da ita.

Usta ya shimfiɗa dafirar a kan tabarma, ya kalle ta, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ɗauka ya shiga motar ya fito. Sai ya ce, "Ustaza, wa ya zaɓo wannan?" Na ce ɗan baffana ne, sana'arsa ce. Ya ce, "To wayar makulli tana hagu, ta fitila tana hagu, ta oda tana hagu. Sitiyarin motarku kuwa yana dama. Ko na ja ta har ta tsinke ba za ta kai ba." Inna ta ce, "Me ya ce?" Na ce mata sai gobe. Kofinta ta kife ta ce a mayar da ita ɗaki.

Na rubuta maka baƙi da fari cewa ta hannun dama ce, har na ce kada ka manta. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da yara a makaranta, ban taɓa rubuta layin da ya fi wannan sauƙi ba. Ka cika mini takarda da dillalai shida da kaurin waya, ashe abu ɗayan da na roƙe ka shi ne ba ka duba ba. Ko kuwa ka duba, ka ga abin da ke kusa da hannunka ka tura, tun da dama ka ce ƙofa da tanki sun fi? In ba ka so yi ba, da ka ce ba ka so. Ba yau gidan Baffa suka fara juya wa wannan mota baya ba. Tun ran da mahaifinka ya kwashe kayansa ya haye kogi zuwa Bahri saboda rigimar filin kaka, bai sake waiwayar ta ba, Baba shi kaɗai ya yi ta fama da ita har ya koma ga Allah. Yanzu kuma a tuna mini cewa tare suka saya.

Maganar mahaifiyarka, ban san tana Hajj Yusuf ba a lokacin. Mu ma da kayan jikinmu muka fita. Amma ban tambaya ba, wannan gaskiya ne.

Ka faɗa mini yadda zan yi da abin da ka aiko.

Awadiyya

*

Jidda
24 ga Nuwamba

Yaya Awadiyya,

Sallama. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Na karanta takardarki a tsaye a shago, sai da maigidana ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ga layin naki a gabana: "ta hannun dama." Duk Sudan hannun dama ake tuƙi tun kafin a haife ni, kuma motar da ke bin hannun dama sitiyarinta a hagu yake. Haka duk mai sayar da kayan mota zai fahimta. Ba ki rubuta sitiyari ba, ba ki turo hoton cikin motar ba. Ina da shekara bakwai aka raba ni da gidanku. Abin da na riƙe na motar nan shi ne ƙanshin kujerar baya da zafinta a cinya. Ta ina zan tuna gefen da Baffa ke zama? Da kin ce an sayo ta tun ana tuƙi a hagu, da na gane.

Kuskure ya faru, rabi nawa, don ya kamata in tambaya. Amma ki ce na ɗauki abin da ke kusa da hannuna na tura wa tsohuwa, wannan ban yafe ba tukuna. Ranar hutuna biyu na kashe a kai.

Sai maganar mahaifina. Yaya, kin girme ni da shekara goma sha takwas, ba zan yi miki rashin kunya ba. Mutumin nan ya rasu bai taɓa faɗin mummunar kalma a kan Baffa Salih a gabanmu ba. Sunansa ma ba ya ambata, ya dai hana mu zuwa Abbasiyya, kamar yadda aka hana ku zuwa wurinmu. Ban san wa ya fi laifi ba, ke ma ba ki sani ba. Kada ki sake sa shi a takarda.

Dafirar kuwa, ki yi yadda kika ga dama da ita. In usta yana son ta zamanin nan mai shiga kowace mota, ya faɗa, in aiko. Amma ya rubuto da hannunsa.

Muntari

*

Abbasiyya
19 ga Janairu

Zuwa ga Muntari.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Inna tana gaishe ka, ita ce ma ta ce shirun ya isa. Sanyi ya taɓa ƙugunta, yanzu sai an kama ta take miƙewa.

Ba amsar takardarka nake ba. Aiki ne ya kawo ni.

Usta ya ƙi ta zamanin. Ya ce ba zai huda jikin motar ya rataya mata akwatin roba ba. Ta Ingila kuma Inna ba ta da wata biyar na jira. Ya ce shi zai kitsa sabuwa da hannunsa: a kafa ƙusoshi a kan allon katako, a bi da waya ɗaya ɗaya yadda za ta kwanta a motar, sannan a naɗe. Matsalar ita ce ba shi da abin kwaikwayo, kuma wayar kirki ta yi wuya a kasuwa.

Ranar Asabar ya kwance allon gaban direba don ya auna. Sai ga shi ɓarayin ba su kai can ba. Guntun tsohuwar dafirar yana nan a bayan allon, kamar kamu uku, da duk rassansa. Kuma kowace waya an ɗaure mata ɗan ƙyalle fari da rubutu. Usta ya karanta baƙaƙen ya kasa gane komai, ya miƙo mini ya ce, "Wannan ba Larabci ba ne." Ajami ne, Hausa tsantsa. "Idon dama." "Idon hagu." "Mai share gilashi." Wata an rubuta, "Kada a taɓa wannan." Ta oda kuma, "Oda. A rage dannawa." Wasu an yi musu ƙulli da koren zare. Biyu suna da kwanan wata, Rajab 1419 da Safar 1424.

Na zauna a ƙasa ina karanta wa usta yana rubutawa da Larabci, hawaye ya hana ni gani. Ka ga abin da nake faɗa maka. Baba bai yi makarantar gyaran wuta ba, direba ne, amma da aka bar shi shi kaɗai, haka ya zauna ya bi wayoyin nan ya sa wa kowacce suna don kada ya ɓata. Ga hoto na haɗo, ka gani da idonka, tun da layina ba ya isar ka.

Abin da nake nema: usta ya ce wayoyin dafirar da ka aiko masu kyau ne ƙwarai, bai ga irinsu ba tun kafin yaƙi. Yana so ya farke ta ya yi aiki da su. Ka ce in yi yadda na ga dama, amma da fushi ka faɗa, ni kuwa ba na yanka kayan mutum a kan maganar fushi. Ka ce e ko a'a.

Awadiyya

*

Jidda
20 ga Janairu

Yaya,

Sallama. Ki gaida Inna da jiki.

Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Yaya, wannan ba rubutun Baffa Salih ba ne. Rubutun Abba ne, mahaifina.

Ban ce ina tsammani ba. Da wannan hannun ya rubuta mini fatiha a allo. Dubi yadda yake jan wutsiyar nun ta koma ƙarƙashin kalma. Kuma duk Bahri babu mai kiran fitilar mota ido sai shi, abokan aikinsa a warsha, garejin da yake aiki, har tsokanarsa suke yi da haka. Koren zaren ma nasa ne, kullum akwai ƙwarya ɗaya a aljihun rigarsa, mahaifiyata tana faɗa in ta zo wanki.

Ki lissafa kwanan watan. Rajab 1419 shekara bakwai ne bayan mun tashi daga Abbasiyya. Safar 1424 ina gab da tahowa nan. A shekarun nan ko a jana'iza suka haɗu sahu daban suke tsayawa. To yaya aka yi hannunsa ya shiga bayan allon motar da kika ce bai sake waiwaya ba? Ni ban sani ba. Na kira mahaifiyata, ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ban yarda ba. Ki tambayi Inna. Kada ki tambaye ta a gaban usta.

Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa ba.

Ga amsar aiki. E, a farke ta. Ki gaya wa usta: duk wayar da ke da koren ƙulli, Abba yana nufin ta bi ta fiyus, kada ya haɗa ta kai tsaye ko da ya ga kamar ba ta buƙata. Wadda aka ce kada a taɓa, ya bi ta ya ga inda ta nufa, na fi zaton fiyus ne Abba ya ƙara wanda motar ba ta zo da shi ba. Ya bar shi a inda yake. Waya mai kauri ruwan ƙasa da ke cikin tawa ita zai ba dinamo. Ƙyallayen kuma kada a jefar da ko ɗaya. In ba za a mayar da su ba, ki ajiye mini.

Muntari

*

Abbasiyya
11 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Muntari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya. Ina fata kai ma haka, da mahaifiyarka Hajja Fatna, ka ce ina gaishe ta da kyau, kuma zan kira ta da kaina.

Na tambayi Inna ranar da takardarka ta zo. Tana tsintar wake a faranti da lalube. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Haliru mana. Wa kike zato? Ubanki ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba."

Na ce, "Inna, ba sa magana."

Ta ce, "Wa ya ce miki sun yi magana? In motar ta yi ciwo, ya tuƙa ta ya haye Bahri, ya ajiye ta ƙofar warsha da makulli a ciki, ya tafi wurin mai shayi ya juya baya. Haliru ya fito ya gyara ya koma. In ya ji an rufe gaban motar da ƙarfi, ya san an gama."

Na ce shekara nawa suna haka. Ta ce har Baffa ya kwanta ciwon ajali. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa mana ba. Ta ce, "An ce kada in faɗa."

Muntari, na tashi na fita tsakar gida don kada in ɗaga wa uwata murya. Shekara goma sha bakwai. An yi bikinka Baba ya ce duk wanda ya je ba da yawunsa ba, na zauna a gida da turmin atamfar da na saya wa amaryarka a ɓoye. Na haifi Rim ba wanda ya zo suna daga wajenku. Muka rayu muna ɗauke kai in mun hangi juna a kasuwa, muna ganin biyayya muke yi. Ashe su suna da hanyarsu. Mota ba ta kwana da ciwo ba ko sau ɗaya, mu kuwa aka bar mu haka. Har suka mutu babu wanda ya ce mana ya isa. Allah ya gafarta musu, ina roƙa musu kullum, amma na kwana uku ina roƙon da haƙora a cije.

Abin da na rubuta a kan Baffa ƙarya ne, ban san ƙarya ba ne lokacin da na rubuta. Ka yafe mini. Da maganar abin da ke kusa da hannunka.

Usta ya yi kwana goma sha biyu a kan allonsa. Ya bi duk abin da ka ce. Wayar da aka hana taɓawa fiyus ce kamar yadda ka zata, a ɓoye bayan akwatin ajiya na gaban mota. Ya sa sababbin ƙyallaye da Larabci, na Baffa kuma suna cikin gwangwanin alawa a ɗakina, guda ashirin da uku. Ranar Alhamis da hantsi ya murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta kama. Maƙwabta suka fito.

Ran Juma'a bayan an sauko muka kai Inna, usta yana tuƙi. Kabarin yana nan, allon sunan ne kawai ya karkace, na gyara shi. Inna ta yi addu'arta a zaune a motar da ƙofa a buɗe. Ni na tsaya a kansa na yi tawa, sannan na gaya masa abin da na gani a bayan allon motarsa. Ban sassauta ba.

Yanzu ga abin da nake so, kuma zan rubuta shi dalla-dalla. Hazim ya ce 'ya'yanka huɗu. Ka rubuto mini sunayensu bi da bi, daga babba zuwa ƙarami, da shekarun kowa, da wanda ya yi kama da wa. Ina da shekara hamsin da tara, ban san sunan ko ɗaya ba.

Yayarka,
Awadiyya